Kara Ɗaya Kawai

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in miƙa wannan rubutu, saboda abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Shekara biyar na yi ina shan sigari. Da yawa daga cikin waɗanda muke aji ɗaya da su ba su sani ba, don ni ba mai busawa a bainar jama'a ba ne. Ina da lungunana, ina da turarena, kuma aljihuna ba ya rabuwa da alawar Tom-Tom. Yau fiye da shekara guda ke nan da na bari. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi ne, na san a makarantar nan akwai irina da yawa: waɗanda suka taɓa jefar da kwali da dare suna rantsuwa, gari ya waye suka koma suna laluben inda ya faɗa.

Na fara ne a shekarar 2019, ina aji biyu na babbar sakandare. Ƙauyenmu yana kan hanyar Kiyawa zuwa Jahun, kuma in an yi hutu nakan bi wani kawuna direba a matsayin yaron mota, muna ɗauko buhunan riɗi da zoɓo daga ƙauyuka muna kaiwa kasuwar Shuwarin. Kawu bai taɓa ba ni ba, shi ko goro ba ya ci. Amma in dare ya yi ana jiran lodi, hunturu yana kaɗawa, yaran mota sukan kewaye wuta suna hira. Nan wani ya miƙo min guntu ya ce, "Ja ɗaya ka ji ɗumi." Na ja, na ƙware, na yi ta tari har da hawaye, aka yi ta yi min dariya. Don kada a sake yi min dariyar, washegari na sake ja. Iyakar dalilin ke nan. Da ma akwai wani babban dalili da zan iya ba ku, amma babu.

Lokacin da na samu gurbin karatu na zo Dutse, na kai kara goma a rana. Ɗaya bayan shayin safe, ɗaya tsakanin lakca da lakca, ɗaya bayan abincin rana, biyu ko uku a majalisa bayan Isha'i, sauran kuma in ina karatun dare. Naira ɗari biyar ta sigari nake warewa kullum kafin in yi maganar abinci. Akwai ranakun da na zaɓi kara biyu a kan kwanon garau-garau, na shiga aji da yunwa ina gaya wa kaina wai ba na jin cin komai.

Abu biyu ne suka girgiza ni, kuma a wata ɗaya suka faru.

Na farko, Baffana, yayan mahaifina. Ya fi shekara talatin yana shan taba. A farkon shekarar 2024 ya kai matsayin da ba ya iya tafiya daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Aka kawo shi asibiti nan Dutse, kuma da yake ni ne a gari, ni na riƙa kwana wurinsa. In dare ya tsala sai in ji numfashinsa kamar zugazugin maƙeri, yana ja da ƙyar yana saki da ƙyar. Likita ya ce huhun ya riga ya lalace, abin da ya rage shi ne a lallaɓa wanda ya saura. To ku ji abin kunya: a wannan daren da aka faɗi haka, na lallaɓa na fita bayan katanga na kunna sigari, wai don hankalina ya tashi. Da na dawo, Baffa bai yi barci ba. Ya yafito ni da hannu. Na durƙusa kusa da gadon, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, hancina dai bai mutu ba tukuna." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Gadon nan da ka gani, ban yi maka sha'awarsa ba." Bai sake cewa komai ba, ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Na biyu ya fi yi min ciwo. Da aka sallami Baffa na raka shi gida, da yamma ina zaune a tsakar gida sai ga autanmu, yaro ɗan shekara shida, ya yago takarda daga littafinsa ya naɗe, ya sa a baki yana hura iska sama. Ba wasan ne ya kashe min jiki ba, yadda ya riƙe takardar ne: ya ɓoye ta cikin tafin hannu, babban yatsa da manuni sun kama gindinta, daidai yadda nake yi in ba na so a gani. Ashe duk ɓuyan da nake yi a bayan rumbu akwai mai kallo. Inna tana bakin murhu ta ce masa, "Kai, wa ka gani yana haka?" Yaron ya yi shiru, ya juyo ya dube ni. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi min faɗa kai tsaye. Ta mayar da kanta kan tukunya ta ce, "Allah ya shirya." Da ta zage ni, da ya fi min sauƙi.

Na sa wa kaina rana: ɗaya ga watan Ramadan, wanda ya kama Litinin 11 ga Maris, 2024. A azumin shekarun baya, da an kira sallah sai in jefa dabino ɗaya a baki, in kurɓi ruwa, in ruga lungu in zuƙi sigari har jiri ya kwashe ni, sannan in zo sahu. Sai na yi tunani, tunda ina iya yini tun daga asuba har faɗuwar rana ban sha ba, ashe abin da ya rage min shi ne daren kawai. Daren jajibiri na ba wa wani abokina laitata, na zubar da sauran karare uku a kwata, na wanke rigunana duka.

Makon farko, wallahi ban san shi da daɗi ba. Ga zafin Maris na garin nan, duwatsu sun ɗauki rana suna mayar da ita har tsakar dare, ga ciwon kai, ga rashin barci. A kwana na uku na yi wa abokin ɗakina tsawa don kawai ya ja kujera da ƙara. In na buɗe littafi sai in karanta layi ɗaya sau biyar ban fahimta ba. Har tari ya ƙaru min, na fara cewa ko dai barin ne yake cutar da ni.

Abokin ɗakin nawa yana karatu a ɓangaren kimiyya, shi ya zaunar da ni ya yi min bayani, daga baya ni ma na bi na karanta. Sinadarin da ke kama mutum a cikin taba sunansa nikotin. In ka zuƙa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗi da natsuwa. Amma nikotin ba ya daɗewa a jini. Cikin kamar awa biyu rabinsa ya tafi. Da ya ragu sai jiki ya fara ƙorafi, ka ji ƙunci da ƙaiƙayin rai, ka kunna wani karan, ƙuncin ya lafa, sai ka ce sigari ce ta kwantar maka da hankali. Alhali ita ce ta tayar da hankalin tun farko. Kamar mutum ne ya ɗaure ka da igiya, in ya ɗan sassauta sai ka riƙa yi masa godiya. Ya kuma gaya min cewa wahalar jiki takan fi tsanani a kwanakin farko, musamman na biyu da na uku, sannan ta riƙa raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu. Tarin kuwa, hanyoyin numfashi ne suka farfaɗo suna share dattin da ya taru. Sanin cewa abin yana da iyaka shi ya riƙe ni. Kuma haka aka yi: kafin goman ƙarshe ciwon kan ya tafi, na fara jin ƙamshin kunun tsamiya tun daga nesa, abin da na daɗe ban ji ba.

Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, na ɗauka na gama. Ashe a nan ne aikin zai fara.

Azumi ya taimake ni ne saboda ya birkita min tsarin rana gaba ɗaya: ba shayin safe, ba abincin rana, dare kuma ana masallaci. Da aka koma makaranta, komai ya dawo wurinsa, kowane abu kuma da igiyarsa. Ranar farko da na zauna a bencin mai shayinmu, kafin ya gama juya madara hannuna ya riga ya shiga aljihu yana neman laita. Ban yi niyya ba, ban ma yi tunani ba, hannun ne ya tafi da kansa. Jikina ya riga ya rabu da nikotin tun makonni, amma sabo yana nan daram. Ku yi lissafi da ni: kara 10 a rana, kowane kara a ce zuƙa 10, zuƙa 100 ke nan a rana, 36,500 a shekara. Ko karatun allo ban taɓa maimaita shi haka ba. Kowace zuƙa tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa wannan wuri, wannan lokaci, wannan ƙamshi, sigari ce ke biyo bayansu. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce sabo turken wawa.

Sai na ɗauki wata dabara mai sauƙi. A bayan littafina na rubutu na ja layi huɗu: lokaci, wuri, wa nake tare da shi, me nake ji a raina. Duk sanda sha'awar ta taso sai in cike. Bayan mako biyu na duba, sai na ga abin da nake ɗauka kamar aljani ne mai zuwa ba sallama, ashe yana da jadawali kamar na lakca. Ƙofofi biyar yake bi.

Ta farko ita ce shayin safe. A wurina shayi da sigari kamar Hassan da Hussaini ne. Na yi ƙoƙarin shan shayin haka nan, na ga azaba ce kawai nake ba kaina. Sai na ƙaurace wa bencin har wata guda, na koma koko da ƙosai a wani wurin daban, ta wata hanyar daban. Mai shayin ya gan ni wata rana ya ce, "Malam, ko mun yi laifi ne?" Na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "In ka dawo zan zaunar da kai can ƙarshen benci, nesa da 'yan hayaƙi." Akwai kuma wani abu da ban sani ba sai daga baya: hayaƙin taba yana sa jiki ya yi saurin narkar da sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da Nescafé da goro. In ka bar taba, kofi ɗaya sai ya yi maka aikin da ya fi na da, ka ji gabanka yana faɗuwa, barci ya ƙi zuwa, kai kuma ka ɗora wa rashin sigari laifi. Don haka wanda ya ce zai maye gurbin taba da goro ko shayi mai kauri, ya yi a hankali.

Ta biyu, bayan cin abinci. Wannan mintuna biyar ɗin da mutum ya ture kwano ya jingina, su ne mafi haɗari. Maganinsu a wurina shi ne kada in jingina. Da na gama sai in miƙe, in wanke hannu, in ɗauko asuwaki. In lokacin sallah ya kusa sai in yi alwala in wuce masallaci. Baki mai tsabta ba ya cika neman hayaƙi, kuma asuwakin yana ba hannu da baki aikin da suka saba.

Ta uku, karatun dare, musamman in jarrabawa ta matso. Na daɗe ina gaskata cewa ba zan iya haddace komai ba sai da sigari. Da na lura da kyau, abin da nake samu shi ne hutun minti biyar da iskar waje. To hutun ai ba a cikin kwali yake ba. Yanzu in na yi minti arba'in ina karatu sai in fita in zaga, in sha ruwan leda mai sanyi, in dawo. A kan tebur kuma ina ajiye aya da busasshen dabino. Allah ya sa muna garin dabino, ba sai an je nesa ba. Sai dai in faɗi gaskiya, na ƙara ƙiba, wandunana biyu sun matse ni, domin in an bar taba cin abinci yana buɗewa. Na karɓi wannan a matsayin ciniki mai riba.

Ta huɗu ita ce majalisa, kuma ita ta fi wuya, don a nan mutane ne ba benci ba. Mu shida ne muke zama bayan Isha'i, huɗu suna sha. Mutanen kirki ne, sun ranta min kuɗi ranar da ba ni da ko sisi, sun yi jinyata da na yi zazzaɓi. Amma da na ce na bari, sai aka mayar da ni abin tsokana. "Ustaz ya iso, a ɓoye kaya!" Wani kuma ya riƙa miƙo min yana cewa, "Haba mutumina, kara ɗaya kawai, ai ba zai kashe ka ba." Na gane ba mugunta ba ce. In ɗaya ya bari, sauran sai su ji kamar ana nuna su da yatsa. Wata rana na samu babbanmu shi kaɗai na ce masa, "Yaya, don Allah alfarma nake nema. Ban ce kowa ya bari ba, amma a daina miƙo min. Baffana yana kwance saboda abin nan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "An gama." Daga ranar duk wanda ya miƙo min, shi yake fara hana shi. Duk da haka na rage zama, in an fara kunnawa sai in yi sallama. Zama da maɗaukin kanwa, an ce, shi ke kawo farin kai.

Ta biyar ba wuri ba ce, hali ne: ɓacin rai. In sakamakon gwaji ya fito ba daɗi, ko kuɗi suka yanke ana tsakiyar wata, ko aka bugo waya daga gida cewa jikin Baffa ya tashi, nan take sai murya ta taso a kaina tana cewa yau dai ka cancanci ɗaya. A nan ne na koyi abin da ya fi komai amfani. Na fara duba agogon waya in sha'awar ta taso, sai na ga da wuya ta wuce minti goma da ƙarfinta. Kamar guguwar rani take: ta taso daga nesa, ta turnuƙe ka da ƙura har ka ɗauka ba za ta wuce ba, can sai ka ga ta yi gaba. Don haka na daina ce wa kaina "ba zan ƙara sha ba har abada", don wannan magana tana da nauyi a kan mai jin jiki. Sai in ce, "Bari minti goma su wuce tukuna." In sha ruwa a hankali, in ja numfashi mai tsawo sau goma, in bar wurin da nake, ko in kira wani mu yi hirar da ba ta shafi taba ba. In abin ya yi tsanani da yamma, sai in hau ɗaya daga cikin duwatsun nan in zauna ina kallon gari. Hawan kansa yana tuna min dalili, don a da ba na kaiwa rabi sai na tsaya ina haki.

Da na tsaya a nan, da labarin ya yi kyau. Amma na yi alƙawarin faɗin gaskiya.

Ranar Lahadi 19 ga Mayu, 2024, ranar ƙarshe ta gasar Firimiyar Ingila. Ni ɗan Arsenal ne, kuma duk wanda yake gidan kallo a ranar ya san abin da ya faru. Muna fatan Manchester City ta yi tuntuɓe, ba a yi minti biyu da farawa ba Foden ya zura wa West Ham ƙwallo. Mun ci Everton biyu da ɗaya, amma City ta ɗauke kofin da tazarar maki biyu. Na fito raina a dagule, ana ta yi mana ihu, ga mai tebur a bakin ƙofa da fitilarsa. Ban san sanda na miƙa masa kuɗi ba. Kwana 69 na yi ban taɓa ba, a na 70 na tsaya a bayan shago na sha ɗaya, na sake saye, na sake. Uku na sha a tsaye. Ba daɗin da na ji, sai ɗaci da jiri da wani irin baƙin ciki da ya fi na ƙwallon.

Da na koma ɗaki na kwanta ina fuskantar bango. Muryar nan ta dawo da sabuwar magana: tunda ka riga ka karya, ai shi ke nan, gobe ka sayi kwali ka huta da wahala. Wannan muryar ta fi ta farko haɗari, ita ce take mayar da mutane. Da asuba abokin ɗakina, wanda tun daren ya ji warin, ya ce min, "In mutum ya taso daga Dutse zai je Kano, tayarsa ta yi faci a Wudil, komawa Dutse yake yi ko gyara yake ya ci gaba?" Na yi dariyar da ban shirya ba. Na ɗauko littafina na ƙara ƙofa ta shida: gidan kallo. Ban taɓa rubuta ta ba saboda tun da na bari ban je kallon wasa mai zafi irin wannan ba. Tun daga ranar, in zan je kallo kuɗin shiga kawai nake riƙewa, ina zama a gaba, kuma in an tafi hutun rabin lokaci ba na fita. Daga wannan daren zuwa yau ban ƙara ba, alhamdu lillahi.

Abin ya sa na yi tunani a kan yadda sigari take da sauƙin samu. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara sai dai kwali guda, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Amma kowa ya san yadda ake ciki a bakin titi. Da a daren nan sai na sayi kwali guda, wataƙila da tsadar ta sa na tsaya na yi tunani. Kara ɗaya kuwa kuɗinsa bai kai na ruwan leda biyu ko uku ba, shi ya sa yaron mota ɗan shekara goma sha shida yake iya farawa, shi ya sa kuma wanda ya bari yake iya komawa cikin minti ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wasu suke shaƙa. A da in na ji irin wannan adadi a rediyo ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, ba ya taɓa ni. Yanzu in na ji, fuskar Baffa nake gani, da ta abokin ɗakina da ya shekara yana kwana cikin warin kayana bai taɓa yin ƙorafi ba.

Akwai kuma labari mai daɗi daga hukumar: cikin awa 12 da barin taba, gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata tana sauka zuwa daidai, kuma bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yana raguwa zuwa kusan rabin na mai sha. Ni dai abin da na gani da idona shi ne asusuna. Kullum ina jefa naira ɗari biyar ɗin nan a gwangwani, dubu 15 ke nan a wata. Da ita na sayi littattafan da a da sai dai in ara, na kuma saya wa auta takalmin makaranta.

Ga ɗan'uwana da ke cikin wannan hali, ban zo da wa'azi ba, malamai sun yi nasu kuma ka ji. Abin da zan ce shi ne ka sa rana, ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, ka rubuta ƙofofinka don ka san ta inda za a zo maka. Naka ba lallai su zama irin nawa ba. In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka je asibiti ka yi magana da likita ko mai harhaɗa magunguna. Akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin da aka yi don rage wahalar makonnin farko, kuma neman taimako ba gazawa ba ce. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ka koma shisha wai ta fi sauƙi. Ita ma taba ce, da nikotin ɗinta, ruwan da ke cikin tulun ba ya wanke gubar, ƙamshin tuffa ne kawai aka lulluɓe ta da shi. Ku kuma abokai, in naku ya ce ya bari, ku taya shi ko da da shiru ne. Kalmar nan ta "ɗaya kawai" da kuke faɗa da wasa, shi a wurinsa kwana saba'in take rushewa.

Har yanzu sha'awar takan leƙo. In hunturu ya shigo, na wuce ta tasha da dare na ji ƙamshin hayaƙi ya gauraya da na itace, sai in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Nakan duba agogo, in ci gaba da tafiya, kafin in kai kwana ta wuce.

Baffa yana nan da rai, yana lallaɓawa da magani, a zaune yake sallah. Duk sanda na je gida na durƙusa gaishe shi, sai ya kama hannuna na dama ya kai hancinsa ya shinshina yatsun, wai shi ne jami'in bincike. Zuwana na ƙarshe da ya gama sai ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida ya ce, "Yau ma dabino nake ji." Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ba ta ɗago ba, amma na ji ta ce wa auta ya ɗauko kwanon fura mai murfi ya kai wa yayansa.

Allah ya ba Baffa lafiya da sauran marasa lafiya, ya kuma ba duk mai ƙoƙarin bari ikon cinye minti gomansa. Amin.